Tsakanin Sababi da Sharaɗi: Sharhi a kan Littafin Actual Causality na Joseph Halpern ta Fuskar Usulul Fiƙhi da Tsaron Na'urori

Tsakure

Wannan maƙala sharhi ce a kan littafin Actual Causality na Joseph Halpern, wanda maɗaba'ar MIT ta fitar a 2016, da kuma fatan da ake yi cewa manɗiƙin lissafi zai iya yanke hukunci a kan abin da ya jawo ɓarna a tsari mai sarƙaƙiya. An auna hanyar littafin da waƙi'ar satar kuɗin Babban Bankin Bangaladash, sannan aka gwama ta da abin da malaman usulu da na fiƙhu suka tsara game da sababi da sharaɗi da mani'i da lamuni. Abin da nazarin ya kai gare shi shi ne, hanyar tana tsare surar hujja tsarewa mai kyau, amma maddar hujjar tana nan a hannun wanda ya zana taswirar sababai, kuma a fagen tsaro ta nan ne maƙiyi yake ɓullowa.

1. Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Mai sabbaba sababai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk lokacin da aka kutsa cikin na'urorin wani banki, ko asibiti, ko ma'aikatar wutar lantarki, tambayar da ake fara yi ita ce: me ya jawo wannan? Tambaya ce mai nauyi, domin a kan amsarta ake korar ma'aikaci, ake shigar da ƙara gaban alƙali, kuma ake yanke inda za a kashe kuɗin gyara. Idan aka kuskure amsar, an zalunci wanda ba shi da laifi, an kuma bar ƙofar da ɓarawo ya bi a buɗe. Wahalar ita ce irin waɗannan tsare-tsare sun ƙunshi dubban na'urori, da ma'aikata a ƙasashe daban-daban, da dokoki da lokutan aiki da ba su dace da juna ba, ta yadda kowane ɓangare zai iya nuna ɗan'uwansa da yatsa kuma a samu gaskiya a maganarsa.

Wannan ne ya sa wasu masana ilmin kwamfuta suka koma ga manɗiƙi, suna neman rubuta ma'anar kalmar sababi da alamomin lissafi, yadda hukuncin zai fita daga muƙaddimomi ba tare da son rai ba. Daga cikin mafiya cikar wannan yunƙuri akwai littafin Halpern, malamin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka, wanda ya tattara a cikinsa aikin da ya fara tare da Judea Pearl tun 2001.

Ɗalibin da ya karanta Sullam na Ahdari a manɗiƙi da Waraƙat a usulu ba baƙo ba ne a wannan fage. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare halascin manɗiƙi a musayar baitocin da ya yi da Imam Suyuɗi, kuma tun daga wancan zamani fannin bai yanke daga zaurukan karatunmu ba. Bayan haka, bankunan Musulunci da asusun zakka da na waƙafi a yau a kan irin waɗannan na'urori suke tafiya. Ranar da aka sace musu dukiya, malami za a tambaya: wa zai lamunta?

2. Abin da littafin ya ƙunsa

Tushen littafin jumlar "da" ce: da abu kaza bai faru ba, da abu kaza bai biyo baya ba. Ita ce malaman nahawu suke bayyanawa a babin harafin lau, cewa yana nuna hanuwar abu saboda hanuwar wani. A falsafar Turai David Hume ya taɓo wannan ma'ana a 1748, David Lewis kuma ya gina nazari a kanta a 1973. Sai dai ma'aunin yana da rauni sananne. A ce yara biyu sun jefi kwalba da duwatsu, dukkansu gwanaye, dutsen ta farko ya riga isa ya fasa ta. Kowa zai ce ita ce ta fasa. Amma da ba ta jefa ba, dutsen na biyu zai fasa, don haka ma'aunin "da" shi kaɗai zai wanke ta.

Maganin Halpern shi ne a zana taswirar sababai. Ana ware gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar ƙima, kamar "ta jefa" ko "ba ta jefa ba", sannan a rubuta wa kowane gurbi ƙa'idar lissafi da ke nuna yadda ƙimarsa ta dogara da wasu gurabe. Daga nan ake cewa abu sababi ne idan ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, shi da sakamakon duk sun faru a zahiri. Na biyu, akwai wasu gurabe da idan aka tsayar da su a kan halin da suka kasance, sannan aka sauya wannan abin, sakamakon ba zai faru ba. Na uku, kada a cusa masa abin da ba a bukata. A misalin kwalba, sai a tsayar da gurbin "dutsen na biyu bai taɓa kwalba ba" yadda ya kasance, a cire jifar ta farko, sai kwalba ta tsira. Ta haka hukuncin lissafi ya dace da hukuncin hankali.

Littafin ya ci gaba zuwa martabobin sababi gwargwadon saɓa wa al'ada, da auna rabon alhaki da na zargi, da ma'anar bayani, sannan ya rufe da wuraren da za a yi amfani da hanyar, ciki har da tantance manhajojin kwamfuta da gano wanda ke da alhaki idan aka keta ƙa'ida.

Adalci ya wajabta a faɗi falalarsa. Hanyar tana tilasta wa mai bincike ya fito da muƙaddimominsa fili. Ba zai iya cewa "sakacin wane ne ya jawo" ba sai ya rubuta yadda sakacin ya kai ga ɓarnar mataki-mataki, ta yadda mai jayayya zai iya ɗora yatsa a kan layin da bai yarda da shi ba. Wannan shi ne ladabin munazara da malamanmu suka koyar, wato tantance mahallin saɓani kafin a fara musu. Marubucin kuma bai ɓoye raunin aikinsa ba. Ya kawo ma'anoni uku na sababi, na 2001 da na 2005 da na 2015, ya nuna inda kowanne ya gaza. Abin lura a nan shi ne yadda ake gane gazawar: ana kawo misali, idan hukuncin lissafi ya saɓa wa abin da masu hankali suke gani, sai a gyara lissafin. Ke nan alƙalin ƙarshe fahimtar ɗan Adam ce, kuma aikin ya fi kusa da istiƙira'i fiye da burhani.

3. Waƙi'ar Daka

Misalin da za mu auna hanyar da shi zaɓinmu ne. A daren Alhamis 4 ga Fabrairu 2016, bayan an tashi daga aiki a Babban Bankin Bangaladash da ke Daka, masu kutse suka aika umarni 35 ta hanyar sadarwar bankuna ta SWIFT zuwa reshen Babban Bankin Amurka da ke birnin Niyok, inda Bangaladash take da ajiya. Jimillar abin da suka nema dala miliyan 951 ne. An zartar da umarni biyar na dala miliyan 101. Miliyan 81 suka tafi wasu asusu huɗu a bankin RCBC na Filifin, waɗanda aka buɗe da sunayen ƙarya tun watan Mayu na 2015, miliyan 20 kuma aka nufi Sirilanka da su.

Masu kutsen sun daɗe a cikin na'urorin bankin. Takardar tuhumar da hukumomin Amurka suka fitar a 2018 a kan wani ɗan Koriya ta Arewa mai suna Park Jin Hyok ta ce tun farkon 2015 aka fara aika wa ma'aikatan bankin saƙonnin yaudara da sunan mai neman aiki. Gwamnatin Koriya ta Arewa ta musanta hannu a ciki. Muguwar manhajar da aka dasa ta taɓa har na'urar buga takardu wadda ke fitar da shaidar kowane umarni, don haka ma'aikatan da suka leƙo ofis ranar Juma'a suka tarar ba ta aiki, suka ɗauka lalacewa ce irin ta kullum.

Sai lokaci ya yi wa ɓarayin aiki. Hutun mako a Bangaladash Juma'a da Asabar ne. Da aka gyara na'urar ranar Asabar aka ga saƙonnin tambaya daga Niyok, can kuma an shiga hutun Asabar da Lahadi. Ranar Litinin 8 ga wata ta dace da hutun sabuwar shekarar Sinawa a Filifin. Kafin umarnin dakatarwa ya yi aiki, an kwashe kuɗin, mafi yawansu suka shige gidajen caca, waɗanda a lokacin dokar hana halasta kuɗin haram ta ƙasar ba ta hau kansu ba.

Abubuwa biyu suka tsare ragowar dukiyar. Kuɗin Sirilanka an tsayar da su bayan da aka lura an kuskure rubutun sunan gidauniyar da za ta karɓa. Sauran umarnin 30 kuwa, rahotannin kamfanin dillancin labarai na Reuters sun nuna cewa reshen bankin na Filifin yana kan titin Jupiter, wannan suna kuma ya dace da na wani jirgin ruwan dakon mai da ke cikin jerin takunkumin da Amurka ta sa wa Iran, sai na'ura ta ja hankalin ma'aikata suka duba da idonsu. A watan Maris gwamnan bankin, Atiur Rahman, ya ajiye aiki. A watan Agusta Babban Bankin Filifin ya ci RCBC tarar peso biliyan 1.

4. Suka ta farko: ma'aunin bai rarrabe sababi da sharaɗi ba

A zana taswirar wannan waƙi'a a ɗora mata sharuɗɗan Halpern. Saƙon yaudara zai fito sababi, haka manhajar da ta toshe na'urar buga takardu, haka asusun ƙarya. Amma hutun Juma'a ma zai fito sababi, domin da ma'aikata suna nan cikakku, da an kai ga Niyok kafin ta rufe. Haka bikin sabuwar shekarar Sinawa. A idon lissafi duk waɗannan martabarsu ɗaya.

Malamin usulu ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san dalilinsa. A wurinsu sababi shi ne abin da samuwarsa ke lazimta samuwa, rashinsa ke lazimta rashi. Sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke lazimta rashi, amma samuwarsa ba ta lazimta komai. Mani'i kuma shi ne abin da samuwarsa ke lazimta rashi. Nisabi sababin zakka ne, cikar shekara sharaɗi, bashi kuma mani'i a zakkar kuɗi. Ma'aunin "da" yana gwada ɓangare guda ne kawai, wato ko rashi yana lazimta rashi, kuma wannan ɓangare sababi da sharaɗi sun yi tarayya a cikinsa. Don haka komai ƙwarewar mai lissafi, ma'aunin zai kwaso su tare.

Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Al-Furuƙ cewa abin da ke raba su munasaba ce. Nisabi yana ɗauke da ma'anar wadata a kansa, shekara kuwa tana cika hikimar waninta ne ta hanyar ba da damar haɓaka dukiya. Idan aka ɗauko wannan zuwa waƙi'armu, umarnin ƙarya yana ɗauke da ma'anar sata a kansa. Hutun Juma'a ba ya ɗauke da ita, sarari ne kawai da satar ta samu ta cika. Munasaba ma'ana ce da hankali ke riska, ba ta kuma cikin ƙa'idojin da ke haɗa gurbi da gurbi.

Halpern ya san wannan matsala. A aikinsa tare da Christopher Hitchcock ya ƙara wa taswirar wani jeri na abin da yake al'ada da abin da ya saɓa mata, ta yadda wanda ya fi saɓa wa al'ada shi ya fi cancantar sunan sababi. Da wannan gyara hutun Juma'a zai sauka ƙasa, domin abu ne na kowane mako. Gyara ne mai ma'ana, amma ya buɗe wata tambaya: wa ke tsara jerin? Masu binciken 'yan sandan Bangaladash sun ce bankin ba shi da katangar tsaro a tsakanin na'urorinsa, kuma yana amfani da tsofaffin kayan sadarwa masu arha. Idan al'ada tana nufin abin da ya yawaita, kuma aka samu bankuna da yawa haka suke, to sakacin ya zama al'ada ya kuɓuta daga zargi. Idan kuwa tana nufin abin da ya kamata, to an shigo da hukunci daga wajen manɗiƙi. Littafin ya bar ƙofar duka biyun a buɗe.

Fiƙhu ya fuskanci wannan tambaya a babin sata da babin ajiya, inda ya ce ma'ajin kowane abu gwargwadonsa ne bisa al'adar mutane: garke ma'ajin dabba ne amma ba ma'ajin zinare ba ne. Sai dai malamai sun yi wa al'ada sharuɗɗa, suka raba ingantacciya da ɓatacciya, suka ce yawaitar sakaci ba ta mayar da shi kiyayewa. Abin da littafin ya bari ga zaɓin mai taswira, a wurinsu babi ne mai ƙa'idoji.

5. Suka ta biyu: rabe-raben bai kewaye ba, maƙiyi kuma mai zaɓi ne

Daga cikin hanyoyin gano illa a usulu akwai sabru da taƙsimi: a lissafo dukkan siffofin da za su iya zama illa, a soke su ɗaya bayan ɗaya har ta gaskiya ta rage. Malamai sun yi gargaɗi cewa ƙarfin wannan hanya yana ga kewayewar rabe-raben. Idan ya kewaye kewayewa ta yanke, kamar tsakanin tabbatarwa da korewa, sai ya ba da yaƙini. Idan bai kewaye ba, iyakarsa rinjayen zato.

Taswirar sababai taƙsimi ce. Zaɓen gurabe shi ne lissafo siffofi, kuma abin da ba a ba shi gurbi ba ba zai taɓa fitowa sababi ba. Halpern da kansa ya nuna cewa idan aka zana taswirar kwalba ba tare da gurbin wanda dutsensa ya riga isa ba, lissafi ba zai bambanta yaran biyu ba, kuma ya keɓe babi guda ga abin da ya ɗauka fasaha ce ta zana taswira. A misalin duwatsu biyu wannan abu ne mai sauƙi. A tsarin banki fa? Wane mai tsaro ne, kafin Fabrairun 2016, zai ba sunan titi gurbi a taswirarsa, ko kuskuren harafi a sunan gidauniya? Amma waɗannan biyun ne mani'an da suka tsare dala miliyan 870. Bayan waƙi'a kowa zai sa su. Taswirar da aka zana bayan an san ƙarshen labari tana bayyana abin da ya wuce, amma ba hujja ba ce cewa hanyar za ta hango na gaba. Ko an yi nufin kewaye komai ma, gurabe 100 masu ƙima biyu-biyu suna haifar da halaye da adadinsu ya kai lamba mai gurbi 31.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Imam Sanusi a Muƙaddimat ɗinsa ya kasa hukunci uku: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Na al'ada shi ne ƙulla abu da abu ta hanyar maimaituwa tare da yiwuwar saɓawa, irin alaƙar wuta da auduga da Imam Gazali ya tattauna a mas'ala ta 17 ta Tahafut. Ƙa'idojin taswirar Halpern duk daga wannan kashi suke, ko da an rubuta su da alamomin da suka yi kama da na hukuncin hankali. A fagen haɗurra wannan ya wadatar, domin Allah Ya gudanar da sunnarsa a kan tabbatar al'ada: ƙarfe yana tsatsa yau kamar yadda ya yi jiya. A fagen tsaro kuwa abokin karawa mutum ne. Wuta ba ta karanta rahoton 'yan kwana-kwana, amma ɓarawo yana karanta rahoton masu tsaro, ya ga gurabensu, ya nemi abin da suka bari.

Wannan yana raunana jumlar "da" kanta. Idan aka ce da Juma'a ba hutu ba ce da an kama su, an ƙaddara ke nan cewa ɓarayin za su zo daren Alhamis ko da babu hutu. Alhali tsarin kwanakin yana nuna saboda hutun suka zaɓi daren. Mutanen da suka yi haƙurin kusan shekara a cikin na'urorin banki za su iya jiran wata dama. Za a iya amsawa cewa sai a ba zaɓin ɓarawo gurbi a taswirar. Haka ne, amma dole a lissafo ƙimomin gurbin tun farko, wato dukkan dabarun da zai iya ƙirƙirowa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ba a iya kewayewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lissafi zai gaya maka tsagar da aka bi idan ka zana ta, amma ba zai ƙirga maka tsagogin da ba ka gani ba.

Abin da ya biyo bayan satar ya tabbatar da wannan. Bankin Niyok ya ce umarnin sun zo masa da cikakkiyar tantancewar SWIFT. SWIFT ta ce ba a keta hanyarta ba, tsaron na'urorin abokin hulɗa kuma nauyinsa ne. Jami'an Bangaladash sun ɗora laifi a kan waɗanda suka biya da waɗanda suka karɓa, har suka shigar da RCBC ƙara a Niyok a 2019, shi kuma RCBC ya ce sakacin daga Daka ne. Kowannensu zai iya zana taswira mai inganci a sura wadda za ta kai ga natijar da yake so. Malaman manɗiƙi sun daɗe da raba kuskuren ƙiyasi gida biyu, na sura da na madda. Littafin ya toshe na farko. Na biyu yana nan, kuma shi ne wanda Ibn Taimiyya ya matsa a kansa a raddinsa ga masu manɗiƙi, cewa wahalar tana ga tabbatar da babbar muƙaddima, idan ta tabbata sauran aikin mai sauƙi ne.

6. Suka ta uku: rabon alhaki ba shi ne lamuni ba

Tare da Hana Chockler, Halpern ya kawo hanyar auna rabon alhaki. Ana duba yawan abubuwan da sai an sauya su kafin sakamako ya rataya a kan mutum guda, a ƙara ɗaya, a raba ɗaya da jimillar. A zaɓen mutum 11, idan aka ci da 6 da 5, kowane ɗaya daga cikin shidan alhakinsa cikakke ne. Idan aka ci da 11 babu ko ɗaya, rabon kowa 1 bisa 6 ne.

A ɗauko wannan zuwa tsaro. Ma'aikata mai ƙofofi shida, kowace da mai gadinta, mutum ɗaya ya bar tasa a buɗe: alhakinsa cikakke ne. Wata ma'aikatar kuma duka shidan suka bar nasu a buɗe, ta yadda kowace ta isa a shiga: idan taswirar ba ta tantance ƙofar da aka bi ba, rabon kowa ya koma 1 bisa 6. Wato yawan masu sakaci yana sauƙaƙa wa kowannensu. A matsayin bayanin yadda sakamako ya rataya, lissafin daidai ne. Idan aka mayar da shi ma'aunin hukunci kuwa, ya zama lada ga gamayyar sakaci. Halpern bai yi da'awar cewa wannan lamba ita ce alhakin ɗabi'a ba, kuma a 2018 ya yi wani aiki tare da Max Kleiman-Weiner a kan niyya da cancantar zargi. Amma lamba tana da kwarjini a gaban kwamitin bincike, kuma mai karɓarta ba koyaushe yake karanta sharuɗɗanta ba.

Fiƙhu ya bi wata hanya. Ya raba mai mubashara, wanda ya aikata da hannunsa, da mai sabbabawa, sannan ya sa ƙetare iyaka da nufi su yi hukunci a tsakaninsu. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ya haƙa rijiya inda ba shi da haƙƙi yana lamuntar abin da ya faɗa, amma idan wani ya tura mutum ciki, mai turawa ake gabatarwa, sai fa idan an haƙa ta ne domin wannan mutumin takamaimai, to a nan sun yi daidai. Taswirar sababai a halayen biyu na ƙarshe iri ɗaya ce: rami, turawa, faɗuwa. Abin da ya sauya hukunci nufin mai haƙa ne. Haka a Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi ƙisasi a kan jama'ar da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, bai raba alhakin gwargwadon yawansu ba, domin kada haɗa kai ya zama mafaka. Ga kuma ƙa'idar amini: wanda aka ba ajiya ba ya lamuni sai da sakaci ko ƙetare iyaka. A waƙi'ar Daka masu mubashara ɓarayin ne. Sauran ɓangarori kowanne ana tambayarsa ne a kan amanar da ke hannunsa, ko ya kiyaye ta kiyayewar irinta, kuma sakacin waninsa ba ya rage masa komai daga wannan tambaya.

7. Shubuha da amsarta

Wani ɗalibi zai iya cewa: ashe ba a hana faɗin "da" ba, a hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, wanda ya nuna tana buɗe aikin Shaiɗan? Malamai sun bayyana cewa hanin yana kan wanda ya faɗe ta don baƙin ciki a kan abin da ya wuce, ko da ƙudurin cewa dabararsa za ta tunkuɗe ƙaddara. Amfani da ita don kafa hujja ko ɗaukar darasi kuwa ya zo a nassi. Aya ta 22 ta Suratul Anbiya da wannan siga ta kafa hujjar kaɗaita Allah, kuma Imam Buhari ya keɓe babi a kan abin da ya halatta daga cikinta. Binciken sababi bayan ɓarna yana cikin riƙo da sababai da aka umarce mu da shi tare da tawakkali, matuƙar mai binciken ya san natijarsa rinjayen zato ce a kan al'ada.

8. Kammalawa

Littafin Halpern ya cancanci ɗalibin usulu ya karanta shi, musamman wanda zai yi aiki a kwamitin shari'a na banki ko ya yi alƙalanci a irin waɗannan ƙararraki. Zai koya masa rubuta hujjarsa a fili, da lura da sababin da wani ya riga shi, da wanda ya ɓuya a bayan rashin aikatawa. Amma idan aka kawo masa rahoton da ke cewa lissafi ya tabbatar wane ne ya jawo, to akwai tambayoyi huɗu da iliminsa ya tanadar masa. Wa ya zana taswirar, kuma me ya bari a waje? Abin da aka kira sababi, sababi ne ko sharaɗi? Al'adar da aka auna da ita ingantacciya ce ko ɓatacciya? Wanda ake tuhuma kuma ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci a amanar da ke hannunsa? Manɗiƙi ma'auni ne, kamar yadda Gazali ya sa wa littafinsa suna Mi'iyarul Ilmi. Ma'auni yana faɗin nauyin abin da aka ɗora masa, amma zaɓen abin da za a ɗora, da hukuncin da za a gina a kai, amana ce da ta rage a wuyan mutum, kuma shi za a tambaya a kanta.

Allah ne Mafi sani.